Zoben Melaniya a Hannun Hagu

Shekara talatin da takwas na yi ina kwana a bayan hannun ƙawata Melaniya. Ba zolaya nake ba. Gidanmu bene ne mai hawa biyar da masana'antar sukari ta gina wa ma'aikatanta. Bangonsa na gabas ba shi da taga ko ɗaya, hoto ne tun daga ƙasa har rufi: mata uku a gonar buryak, wanda ake matse sukarin daga jikinsa, an jera su da gutsattsarin gilashi mai launi. Ta tsakiya ita ce Melaniya. Ɗakin kwanana yana hawa na huɗu, kuma wanda ya yi hoton ya taɓa auna mini, ya ce kan gadona daidai yake da hannunta na hagu, wanda ta ɗaga tana kare rana. Ta gefe, wadda ta duƙa ta ba jama'a baya, ni ce, Orisiya. Kowa a garin ya sani, don a zamanin nan duk sashen awo na masana'antar babu mai ƙugu irin nawa.

Mai hoton Ustim Lukich ne, mijin Melaniya. Labarinsa nake son bayarwa, tunda babu wata takarda da ta ɗauki sunansa, kuma ni ce na bi ƙofa-ƙofa da takardar da ta rufe aikinsa.

Ɗan ƙauye ne. Ubansa maginin murhu ne, uwarsa kuma duk bazara sai ta shafe murhunsu da farar ƙasa ta zana masa furanni da zakaru, to a nan ya ɗauko. Ya yi karatun zane a Kyiv. Da fenti ya fara, a kan ƙyalle, yana zana kogi da tsofaffin ƙauyensu, amma a wancan zamanin abincin mai zane a bango yake. Gwamnati na son kowace makaranta da kowace tashar bas ta sami hotonta na ma'aikata masu ƙwanji. A 1977 aka turo shi garinmu ya yi mana bango. Dogo ne siriri, yatsunsa kullum a naɗe da tsumma saboda yankan gilashi, magana kuwa sai ka roƙa. Mun ɗauka girman kai ne irin na mutanen birni, ashe kunya ce.

Kafin ya fara komai sai da kwamiti ya zo daga babban birnin lardi, maza shida kowa da jakarsa, suka zauna a kan zanen. Wannan ya ce buryak ɗin ya yi ƙanana, a ƙara masa girma kada a ce gonakinmu ba sa albarka. Wancan ya ce ta tsakiyar ba ta murmushi, ko aikin ne ba ta so? Daga ƙarshe suka buga hatimi a kan abin da suka yarda da shi, suka ce ko ɗigo aka ƙara bayan hatimin nan laifi ne. Babu zobe a cikin abin da suka yarda da shi.

Tsohon ɗakin ajiyar buhuna aka ba shi. Ya shimfiɗe ƙasan kaf da takardu masu kauri, ya zana matan a kai, sannan ya durƙusa wata goma sha takwas yana fasa smalta, gilashin nan mai kauri kamar alewa, yana liƙa kowane gutsure da gam ɗin fulawa. Da hutun rana mukan je taya shi ware launuka, mu dai don mu ga yadda muka fito. Ba mu ga komai ba. Fuskar gilashin ake liƙawa a takarda, bayansa ne a sama. Sai an kai bango an danna cikin siminti ya kama, a jiƙa takardar a ɓare, sannan hoto ya bayyana. Saboda haka komai a ƙasan ɗakin nan a juye yake kamar a madubi, abin da ke dama a ƙasa hagu zai fito a bango.

"Lukich, wannan tarin tsakuwar ce Melaniya?" na tambaye shi wata rana.

"Bayanta ne."

"To ni da na ba da baya, fuskata kake kallo ke nan a ɓoye?"

Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Melaniya ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gilashi. A ɗakin gwaji take aiki, tana auna zaƙin buryak. Ba kyakkyawa ba ce ta a-zo-a-gani, amma ita kaɗai ce a cikinmu ke iya tsayawa sa'a guda ba motsi ba surutu, shi ya sa ya zaɓe ta. Garin tsayawar nan aka kai ga aure, a watan Afrilun 1979.

Yana da wasu gutsattsari bakwai na smalta mai ruwan zinariya, a ƙulle cikin hankici. Malaminsa ne ya ba shi su, malamin kuma ya tsince su a ɓaraguzan wata coci da aka rushe kafin yaƙi. Ranar da za a kwashe takardun zuwa bango, mota na tsaye a ƙofa direba na ta danna hon, Ustim ya durƙusa a kan yatsan matarsa ya ɓamɓare gutsure bakwai ya sa na zinariyar. Kyauta ya so ya yi mata, ba wanda ya sani. Ya dubi matar da ke shimfiɗe a ƙasa yadda mutum ke duban mace a gabansa, ya nemi hannunta na dama, ya sa zobe inda ake sa wa amarya. Mutumin da ya yi wata goma sha takwas yana lissafi a juye, ranar nan ɗaya tak ya yi lissafi a miƙe.

A wurinmu mai aure a hannun dama yake sa zobe. Ba ya komawa hagu sai ranar da aka binne abokin zama.

Wata safiyar Oktoba aka wanke takardar. Rabin garin ya taru. Magina suna kan ƙarafunan hawa da bokitai da burushi, sun faro daga sama suna yin ƙasa. Kallabi ya fito, goshi ya fito, da idanu suka fito sai wurin ya yi tsit, don Melaniya ce sak, har da kallon nan nata kamar tana auna zaƙinka. Sai aka ɓare takardar hannu, rana ta buga, wani abu ya yi walƙiya. Wata tsohuwa mai sharar ofis, wadda ba ta ji sosai don haka ba ta san magana a hankali ba, ta ce, "Baiwar Allah, wa ya mutu mata?"

Aka kwashe da dariya. Tsofaffin mata dai ba su yi ba, na ga wasu suna alamar gicciye a ɓoye cikin mayafi. Melaniya na tsaye kusa da ni, na ji hannunta ya yi sanyi a cikin nawa. Ubanta ya dawo daga yaƙi da ƙarfe a ƙirji, ya mutu tana shekara huɗu, ta tashi tana ganin zobe a hannun hagun uwarta.

"Ustim," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "wata shida da aure ka mayar da ni matar mamaci a gaban gari."

"Kuskure ne, Melasiya." Haka yake kiranta. "Aikin rabin sa'a ne. Gobe zan hau in gyara."

Washegari kafin ya gama shan shayi an kwance ƙarafunan an loda su zuwa wani gari, ana sauri kafin bikin gwamnati na watan Nuwamba. In yana son a dawo da su sai ya rubuta takarda ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ya ƙara zinariyar coci a kan zanen da aka buga wa hatimi. Duk wanda ya rubuta wannan da hannunsa, shi da hawa bango a ƙasar nan sun yi sallama. 'Yan kwamitin da suka zo buɗewa ba su lura ba, su girman buryak suka duba. Ustim ya ce bari ƙura ta lafa, sai bazara. Bazara ta zo ya ce sai kaka.

Garinmu kuwa ba ya barin abu ya wuce. Kafin Kirsimeti sunansa ya koma Marigayi. A layin burodi sai ka ji, "Marigayi, an tashi lafiya? Ya kwanan ƙasa?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, can babu surutu." Ni ma na kira shi da sunan, ba sau ɗaya ba, don ni ba a bar ni a baya wajen tsiya.

Melaniya ba ta taɓa dariyar abin ba. Ta daina bi ta gabashin gidan, ta gwammace ta zagaya ta wajen shara zuwa aiki. Duk lokacin da aka tura shi wani gari hawa bango, abinci ba ya shigarta. Sai ta hauro wurina da kwanon miyar borsh ta ce in ba mijina Panas, ta zauna a kicin ɗina tana juya zobenta a yatsa har in ji kamar in ƙwace. Allah bai ba su haihuwa ba, shi ne ɗanta shi ne ubanta. Na sha ce mata, "Ke da kika yi makaranta, gilashi ne fa da siminti." Sai ta ce, "Na sani." Sanin bai taɓa amfana mata komai ba.

Ba za a ce bai gwada ba. Wata shekara ya lallaɓa wani abokinsa mai motar kashe gobara, tsanin ya tsaya a hawa na uku, ya yi ta miƙa hannu kamar mai tsinkar ɗan itace, ya sauko. Wata shekarar kuma ya hau rufi ya ɗaura igiya a ƙugu. Melaniya ta fito da hannu duk fulawa ta tsaya a ƙasan bangon da ta yi shekaru ba ta kalla ba.

"Sauko. So kake ka faɗo garin gyarawa, abin ya zama gaskiya?"

Ya sauko, ya naɗe igiyarsa.

Da tsohuwar gwamnati ta watse, babu sauran mai buga hatimi, babu mai tsoron takarda, amma kuma babu ƙarafunan hawa, babu mai son hoton ma'aikata. Masana'antar kanta aka sassare injinanta aka kwashe. Ustim ya koma rubuta allon shaguna da zana fuskokin matattu a kan duwatsun kabari, kuma ko a nan ba ya ha'inci, sai ya tambayi iyalan mamaci yadda yake dariya. Bangwayensa suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan tashar bas an mayar da ita shagon taba, waccan ta rufta, na wata makaranta an shafe shi da fenti. Duk wanda ya ji labari sai ya hau bas ya je ya gani, ya dawo da gutsure ɗaya a aljihu ya jefa cikin wata kwalba da ke kan tagarsa. Ƙarar faɗawar gilashin kawai Melaniya ke ji ta san wani ya tafi.

A Fabrairun 2009 ciwon ciki ya kwantar da ita, bai ɗauki lokaci ba. Ina ɗakin ranar da ta ce masa, "Ka ga wautata. Shekara talatin ina jiran a kawo min kai a kwance, ashe ni za a fara ɗauka." Ta huta, sannan ta ce, "Ka dai gyara min zobena. Ba na son in tsaya a can ina takabarka jama'a na wucewa."

"Zan gyara."

"Haka ka ce."

A bakin kabari ya zare zobensa daga dama ya mayar hagu, yatsan ya kumbura da sanyi sai da ya murza da ƙarfi. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa Marigayi, ba tare da an yi shawara ba.

Yanzu sai in faɗi nawa. A da tukunyar ruwan zafi ta masana'anta ce ke ɗumama gidanmu ta bututu, har mukan buɗe taga a tsakiyar hunturu. Da tukunyar ta mutu kowa ya koma kan ɗan abin ɗumamarsa, sai muka san wane irin bango gare mu. Iskar gabas daga gonaki take tahowa ba abin da ya tare ta sai shi. Daga Nuwamba zuwa Maris bangon ɗakina hawaye yake yi, fumfuna baƙa ta cinye kusurwa, in na goge da safe kafin mako ta dawo. Panas, wanda ƙurar sukari ta riga ta taɓa masa huhu, ya kama tarin da ke sa shi riƙe ƙarfen gado. Likita ta zo ta dubi bangon kafin ta dubi maras lafiyar, ta ce, "Ko ku bar ɗakin nan, ko ya bar muku shi." Ina za mu je?

A 2017 hukumar gari ta fito da shirin liƙa wa tsofaffin benaye farin soso mai tauri daga waje, irin wanda ake naɗe sabuwar talabijin da shi, a shafe da siminti a yi fenti. Sharaɗin kawai yawancin mazauna gida su sa hannu. Ni na ɗauki takardar. Ƙofar Ustim na bari ƙarshe. A hawa na ƙasa yake, ɓangaren yamma, inda rana ke shiga da la'asar.

Ya karanta a tsaye, bai ce in shigo ba.

"Har da bangon gabas?"

"Saboda shi ake yi, Lukich."

"Ke ma kina ciki fa, Orisiya."

"Ni ƙuguna ne kawai. A rufe shi, ya ga duniya ya isa."

"Bango goma sha tara na yi. Wannan kaɗai ya rage."

Nan raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce ya hauro ya kwana ɗaya a gadon Panas sannan ya yi min maganar bango goma sha tara. Da na tsaya a nan da ya isa, amma sai na ƙara da cewa, "Da ranta ma ba ka ji tausayinta a kan bangon nan ba, sai yanzu?" Ya miƙo min takardar a hankali, ya rufe ƙofa. Ban nemi sa hannunsa ba kuma, hannayen da na tara sun wadatar.

Ya yi ta rubuta wasiƙu. Wasu matasa daga birni suka zo suka ɗauki hotuna suka ce abin tarihi ne, suka ci vareniki, ƙullin fulawa mai cushe da wata maƙwabciya ta dafa, suka koma. Ofishin da ya rubuta wa ya amsa cewa hoton ba ya cikin kowace rajista, kuma ba a san wanda ya yi shi ba. Shi aka aiko wa wannan amsar, da sunansa a kan ambulan. Duk bazarar nan in mun haɗu a tsakar gida sai ya dubi wani wuri. Na lura ya rame, wandonsa na yawo a jikinsa, na ce a raina baƙin ciki ne, kuma ni na jawo.

A Satumba motoci suka zo suka sauke ƙarafunan hawa a gindin bangon gabas, karo na farko tun safiyar da aka kwashe su. Kwana biyu aka yi ana haɗa su. A na uku, da hantsi, na ji ƙwanƙwasa. Ustim ne, ya hauro hawa huɗu yana haki, da 'yar jakar kayan aikinsa a hannu.

"Ke kika kawo ƙarafunan nan," ya ce. "Ki sa su bar ni in hau. Rabin sa'a."

Shugaban maginan, Yarema, wani ƙato mai jan wuya, ya yi ƙememe. "Didu, kakanmu, shekararka nawa? Saba'in da biyar? In ka faɗo ni za a ɗaure. Kuma gyaran me, abin da jibi za mu fara rufewa?"

"Kai ɗan nan," na ce, "uwarka a ƙarƙashina ta koyi karanta sikeli. In kira ta?"

"Titka Orisiya, gwaggona, doka ce."

"Dokar ce ta ce ku ɓoye kwalbar giya a bayan buhunan siminti? Daga barandata ina ganin komai."

Ya sosa ƙeya. Aka yi yarjejeniya: shi a gaba, Ustim a tsakiya da ɗamara a ƙugu, ni a baya, don na rantse ba zan tsaya a ƙasa ina kallo ba. Gwiwoyina sun tsine min a kowane mataki. Muka wuce ƙuguna a hawa na biyu, Yarema ya buɗe baki zai yi magana na ce ya rufe. Muka wuce hannun daman Melaniya a hawa na uku, riƙe da buryak, Ustim ya tsaya ya shafa yatsan da babu komai a kai. Sannan muka kai na huɗu.

Daga kusa babu Melaniya, gutsattsari ne kawai, ja da ruwan ƙasa da fari, hannun ya fi ƙofar ɗaki girma. Zoben na nan, guda bakwai cif, ƙura ta dusashe su. Ustim ya goge su da hannun rigarsa suka ɗauki ido kamar jiya aka sa. Ya fito da guduma da wani ƙarfe mai faɗin baki, ya ɗora bakin a gefen gutsuren farko. Ya ɗaga gudumar. Muka jira. Iska na kaɗa masa gashi, hannun na sama, bai buga ba. Can sai ya sauke, ya mayar da kayan cikin jaka ya zuge.

"Hannun ne ke rawa?" in ji Yarema. "Kawo in buga maka, Didu."

"A bar shi."

"Ustim," na ce, ban taɓa kiran sunansa haka tsirara ba, "shekara talatin da takwas kana jiran ƙarafunan nan."

Ya zauna a kan katakon, ya jingina da yatsan matarsa. "A watan Yuli na je asibitin lardi. Sun ce ba zan ga narkewar ƙanƙara ba." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin dankali. "Wannan ta bangon ba ta mutu ba, Orisiya, kuma ba za ta mutu ba. Smalta ce. A ƙarƙashin sosonku ma sai ta fi daɗewa, ba ruwa ba sanyi. Ni ne zan tafi in bar ta. In na mayar da shi dama yau, kafin bazara ya sake zama kuskure, kuma babu mai hawa ya gyara."

"Ka yi mata alkawari."

"Na yi. Lokacin cika shi a 1979 ne, takarda ɗaya ce zan rubuta. Na ji tsoro kada a raba ni da bango, na bar ta da tsoro shekara talatin." Ya dube ni. "Abin da kika faɗa a ƙofata gaskiya ne. Shi ya sa na daina gaishe ki."

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Yarema ya juya yana duban gonaki.

Abu ɗaya Ustim ya roƙa. Farin soson da dogayen ƙusoshin roba ake kafe shi, sai an huda bango da inji, huda biyar a kowane falle. Ya fito da alli daga aljihu ya ce a bar shi ya nuna inda za a huda. Kwana uku ya yi yana hawa, Yarema da kansa na riƙe da ɗamararsa, yana sa ɗigon alli a tsakanin gutsattsari, a sararin sama, a ganye, a naɗin zane, ban da fuska, ban da hannu. A ƙuguna ma bai yarda a huda ba, ko da na ce masa ya ba su izini. Maginan sun yi ƙorafi cewa aikin ya ninku, amma sun bi allin, aƙalla iya inda idona ya kai.

Ranar da aka rufe fuskar bai fito ba. Ni na tsaya. Fallen ƙarshe da ya hau kan hannun wani magini ya ɗaga shi da hannu ɗaya, yana waya da ɗayan. Bayan mako biyu aka yi wa bangon fenti ruwan ƙwai, yanzu gidanmu ba shi da bambanci da na maƙwabta, baƙi har ɓata suke yi.

Ba zan yi ƙarya ba, ɗakin ya yi ɗumi. Fumfuna ta tafi. Hunturun nan Panas ya yi barci a kwance maimakon a zaune, kuma yana nan da ransa har yau yana damuna da labarin ƙwallo. Da za a sake miƙo min takardar nan, zan sake bi da ita ƙofa-ƙofa. Wannan ne abin da ya fi ci min rai.

Ustim ya rasu a Janairu, bayan Kirsimeti da kwana tara. Ba shi da kowa, don haka mu tsofaffin matan gidan muka shirya shi, kamar yadda aka saba. Muka sa masa kwat ɗin aurensa, muka haɗa masa hannuwa a ƙirji. Kwalbar nan ta kan taga na ɗauko na sa a gefen ƙafarsa. Da sauran suka fita ɗebo kyandir, na tsaya ina duban zoben da ke hannunsa na hagu. Ta bangon dai nata zoben ya zama daidai, tun daga ranar da ya rasu. Shi kuwa wurin matarsa za shi, ba zai je mata da alamar wanda aka mutu aka bari ba. Na zare zoben. Yatsan ya rame, ko murzawa ban yi ba. Na mayar masa da shi hannun dama, duka-duka bai ɗauke ni rabin minti ba.

Daga maƙabarta na hauro gida da la'asar, na cire takalma na zauna a bakin gado. Na ɗora tafin hannuna a bango, daidai inda ya taɓa auna mini. A bushe yake, da ɗuminsa. Panas ya leƙo daga kicin ya tambaya ko in sha shayi, na ce masa ya bari tukuna.